Gimbiyar Wuni Ɗaya da Kirarin Gidan da Ba Nawa Ba

Masu cewa in daina ja musu rai in faɗi abin da ya faru shekaranjiya Asabar, to ga ni. Amma bari in fara da nasiha kyauta: duk wadda saurayinta ya turo mata saƙo yana tambayar faɗin kanta, ta kashe wayar ta nemi wuri ta kwanta. Ni ban kashe ba, shi ya sa nake rubuta muku wannan da kumburarrun idanu.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Londeka Zungu. Ina aiki a wani kantin magani a Durban, ina zaune a Umlazi tare da Mama da yayanta, Malume Zeblon, kawuna ke nan, tsohon direban bas da har yau yake magana kamar akwai fasinja sittin a bayansa. Saurayina Mondli Ngubane, shekararmu huɗu tare. A shekara huɗun nan ba mu taɓa zama cin abincin Lahadi mun tashi lafiya ba, sai Mama ta jefo tambayarta.

"Wai ni kam takarda ce babu a gidansu, ko biro ne ya ƙare a Westville?"

Wasiƙar neman aure take nufi. To, watan jiya wasiƙar ta iso. Malume ya karanta ta sau uku, ya ba su rana, Asabar mai zuwa. Ranar ce kawunnan Mondli za su tsaya a bakin ƙofar gidanmu tun da sassafe, su yi ta ƙwala kirarin Zungu har sai Malume ya ga dama ya buɗe musu. In ya buɗe, an fara maganar aure. In bai buɗe ba, kowa ya kama gabansa, ni kuma in ci gaba da sayar wa mutane maganin tari har tsufana.

Tun daga ranar Malume ya hana kowa sakat. Ya sa an yanke ciyawa, ya sa an wanke labule, ya sayo sabuwar hula.

"Mshana," in ji shi, haka yake kirana, wato 'yar ƙanwarsa, "yaron nan naki da yake magana kamar ya haɗiyi rediyo, ki koya wa mutanensa kirarinmu da kyau. Manzini! Gwabini! In suka yi min tuntuɓe a kai, sai rana ta gasa su a waje ina ciki ina shan shayina."

Kar ku ga laifinsa. Zungu sunan gidan su Mama ne. Tana ajin ƙarshe a makaranta ta sami cikina. Matan gidanmu suka yi sammako suka kai ta gidan Mkhize don su faɗa musu ɓarnar da ɗansu ya yi, kamar yadda ake yi. Aka bar su a tsaye a waje, daga baya aka leƙo aka ce yaron ya tafi Johannesburg neman aiki. Ko akuyar wanke laifi ba su kawo ba, ballantana saniya. Da aka haife ni Malume ne ya yanka akuya ya gabatar da ni ga kakannin Zungu, shi ya ɗaura min fatar a hannu. Mama kuwa ta bar makaranta ta hau keken ɗinki a masana'anta, har yau ba ta sauka ba. A gidanmu ba a ambaton sunan Mkhize, ko a talabijin aka faɗe shi sai Mama ta tashi ta ce za ta duba tukunya.

Yanzu ga saƙon Mondli na ranar Talata.

"Londi, takalminki lamba nawa?"

"Bakwai. Lafiya?"

"Faɗin kanki fa?"

"Faɗin me?"

"Kanki. Ki zagaya shi da magwajin tela, ta saman kunne."

"Mondli, hular kwano za ka saya min, ko likita ne ya ce ƙwaƙwalwata ta kumbura?"

Sai ya turo hoton kambi da zuciya uku, ya ce kar in shirya komai ranar Asabar, ranar haihuwata ce, shi zai tsara ta. Ni kuma, mai baki kamar reza, na lallaɓa na saci magwajin Mama, na shige banɗaki na auna kaina.

Ya kamata ku san Mondli. Mutumin kirki ne, wallahi, irin kirkin da yake sa ka nemi wurin ɓuya. A Westville ya tashi, gida mai ciyawa da kare mai gado, iyayensa suna fita motsa jiki da safe cikin kaya iri ɗaya suna riƙe da hannun juna. Bazule ne a katin shaida. Ranar da na ce masa za a yanka akuya a gidanmu, tambayata ya yi ko akuyar tana da suna. Duk da haka ina son sa, in faɗa muku gaskiya, son da ni kaina yake ba ni haushi.

Asabar da hantsi ya ɗauke ni muka miƙa hanyar arewa, muka wuce Ballito. Da na hango hasumiyar nan mai fentin ruwan hoda na san inda aka nufa: Masarautar Mafarki, inda otel yake a gaba, a baya kuma jirgin ƙasa yana kifa mutane ƙasa da sama suna ihu, alhali da ƙafarsu suka zo.

"Mondli, kar dai ka ce min..."

"Gimbiya ta wuni ɗaya," ya faɗa yana washe baki. "Babban tsarin na zaɓar miki, mai komai da komai."

"Shekarata ashirin da takwas fa."

"Ai gimbiya ba ta tsufa."

Allah ya ba mu haƙuri da masu karatu a makarantar kuɗi.

Aka miƙa ni hannun wata mata mai suna Sis' Thoko, gajeriya, allurai cike da bakinta, fuskarta kuwa ta wadda ta ga duniya ta ƙoshi.

"Ke ce ta ƙarfe biyu? Zauna. Gimbiyar ƙarfe ɗaya ta yi amai a keken doki, ana wankewa."

"Mu nawa ne yau?"

"Ke ce ta biyar. Ranar masoya sha tara muka yi, har kambi ya yi mana kaɗan."

"Duk suna amincewa in an miƙa musu zoben neman aure?"

"Sisi, wa zai ce a'a da ƙugu a ɗaure haka? Numfashin faɗa ma babu. Ja cikinki."

Na ja, ta ɗaure. Riga ce shuɗiya mai ƙyalli, siket ɗinta da ƙarafuna a ciki kamar akurkin kaji. Aka zura min safar hannu har gwiwar hannu, a zafin Durban na watan Janairu. Takalmin na roba ne mai kama da gilashi, kafin in miƙe gumi ya sa ya yi hazo, yatsuna biyar suna leƙen duniya. Kitson da na yi awa huɗu a zaune ana yi min ta tattare shi ta cusa cikin kambi, ta soke da allurai kamar tana da tsohuwar gaba da ni.

Sai ta juya ni wajen madubi. Na so in yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Na yi kyau, 'yan'uwa, kyan da ban san ina da shi ba, kuma wata yarinya 'yar shekara bakwai da ke cikina, wadda na zaci ta daɗe da mutuwa, ta miƙe tana tsalle.

Sis' Thoko ta duba takardarta. "Iye, naki har da sarki."

"Wane sarki kuma?"

"Wanda zai kama hannunki ki sauko. Muna da namu, wani dattijo mai gadin motoci, gemunsa ya dace da aikin. Amma saurayinki ya ce ya zo da nasa."

Nan take na hango Malume Zeblon da kambi da jar alkyabba yana harare-harare, na fashe da dariya har allura ta soke ni. Na ce a raina lallai Mondli ya yi ƙoƙari, wanda ya iya raba Malume da sabuwar hularsa ai ya cancanci mata.

Ƙarfe biyu da kwata aka ɗora ni a keke. Fararen dawakai biyu aka manna wa gashin jimina a ka, su ma da ganinsu sun gaji da sarautar. Muka bi ta tsakiyar wurin, yara suna bin mu da alawa a hannu, manya da jiƙaƙƙun gajerun wanduna suna ɗaukata a waya. An ce in riƙa ɗaga hannu a hankali, na ɗaga. A gaban fadar masarautar an shimfiɗa jan kilishi, an jera kujeru, sama kuma wani ƙaton allo yana nuna fuskata, hancina kaɗai ya kai girman ƙofar gidanmu.

A layin gaba na hango Mama. Rigar atamfar shweshwe mai ruwan ƙasa ce a jikinta, wadda ta ɗinka ta ajiye don Asabar mai zuwa, ta ce ba mai ganinta kafin ranar. Saboda ni ta fito da ita. Tana murmushi tana rufe baki da hannu. Kusa da ita Malume ne, da hularsa a ka, ya harɗe hannuwa yana nuna wai abin bai burge shi ba, alhali ƙafarsa tana bin kiɗa.

Tsaya tukuna. In Malume yana nan a zaune, to wa ke cikin alkyabbar?

Mai shela ya fito, sanye da fatar damisa ta kanti, ya ɗaga makirufo ya cika ƙirji.

"Khabazela! Gcwabe! Ku buɗe hanya, 'yar Mkhize ta iso gidan ubanta!"

Jama'a suka ɗauki tafi, wasu mata a baya har da guɗa. Mai kyamara ya san aikinsa, an koya masa cewa a daidai nan uwa take kuka, don haka ya juya ya cika allon da fuskar Mama. Ba ta yi kuka ba. Hannunta yana nan a bakinta, murmushin ne kawai ya tafi, kuma mutum ɗari uku suka kalli tafiyarsa.

Ƙofar fadar ta buɗe, wani dogon mutum siriri ya fito. Kambin ya yi masa yawa yana zamowa kan kunnensa, alkyabbar kuma ta tsaya masa a ƙwauri. Ban taɓa ganin ko hotonsa ba, amma ba sai an gabatar min da shi ba. Goshina ne a fuskarsa. Da ya yi murmushin tsoro sai ga wushiryata a bakinsa, wadda tun ina ƙarama nake tambayar Mama inda na samo ta tana cewa in tafi in yi wanke-wanke.

Ya tsaya a gindin keken ya miƙo hannu.

"Sauko, 'yata."

To, ga inda nake so ku saurare ni da kyau, domin daga nan laifin ba na Mondli ba ne. Da na zauna abina, ko na tattare siket na diro ta ɗaya gefen, da tuni Malume yana ba abokansa labari yana dariya. Na san haka a lokacin, ba daga baya na sani ba. Na san Mama tana kallo. Amma shekara ashirin da takwas ban taɓa jin kalmar nan daga bakin namiji ba, kuma zuciya ba ta da ƙashi. Na sa hannuna a nasa. Tafinsa da kaushi, da ɗumi. Da ƙafata ta taɓa kilishi sai na ji gwiwata ta rusuna da kanta, kamar yadda ake yi in an kira kirarin gidanku. Allon ya nuna wannan ma, har sau biyu, na biyun a hankali.

Aka watso mana yankakkun takardu masu ƙyalli. Sai ga Mondli ya ɓullo cikin farar kwat mai igiyoyin zinariya a kafaɗa, ya zube gwiwa ɗaya, ya buɗe akwatin zobe, idonsa taf da hawaye saboda tsabar jin ya gama min komai a duniya.

Malume ya miƙe. Bai yi sauri ba. Ya tako kan jan kilishin da takalminsa na zuwa coci, ya wuce sarki kamar bai ga mutum a wurin ba, ya tsaya a gabana.

"Mshana, wa aka kira yanzu?"

Na sunkuyar da kai, ya ƙara matsowa.

"Na ce wa aka kira kika amsa?"

Makirufon da aka maƙala wa Mondli a riga a kunne yake, maganar ta karaɗe wurin har wajen masu sayar da gugguru. Malume ya dubi Mondli a ƙasa.

"Tashi, yaro, kar ka ɓata wandon mutane. Asabar ka kai kawunnanka ƙofar Mkhize, tunda ka san hanya."

Ya juya ya kama hannun Mama. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli mutumin ba. Ta kakkaɓe ƙyallin da ya zubo mata a ɗankwali, ta gyara jakarta, suka bi ta tsakanin kujeru. Daidai nan wani bawan Allah da aka ce masa ya ƙirga minti uku bayan durƙuso ya saki fararen tattabaru. Suka tashi gwanin sha'awa, jama'a suka sake tafi.

A ɗakin canza kaya Mondli ya biyo ni, zoben har yanzu a hannunsa.

"Londi, ban gane ba. Ke fa kika ce."

"Na ce me?"

"Ranar bikin ƙanwata. Da Baba ya riƙo hannunta, kika fita kika zauna a mota kina kuka. Kika ce ko sau ɗaya ne a rayuwarki."

Na faɗa, ba zan yi musu ba. Shekara biyu ke nan, ni har na manta, shi ashe ya adana.

"Wata uku ina neman sa," in ji shi.

"A ina ka same shi? Johannesburg?"

"KwaMashu. Yana gyaran firji."

KwaMashu, jama'a. Tasi biyu ne daga ƙofar gidanmu.

"Kirarin fa? Ban turo maka namu ba? Ban sa ka maimaita har sau goma ba?"

"Wancan ai na Asabar mai zuwa ne. A takardar wurin nan akwai gurbin sunan mahaifin gimbiya da kirarin gidansa. Me zan rubuta?"

"Zeblon Zungu za ka rubuta!"

"Amma ai shi kawu ne kawai."

Sis' Thoko da ke kwance min ɗaurin baya ta tsaya cak, ta zare allura daga bakinta.

"Ɗan'uwa, kai ɗan ina ne?"

"Westville."

"Na ga alama. Fita, mace za ta tuɓe."

Ya fita yana share ido da igiyar zinariyarsa. Ban gama numfashi ba aka ƙwanƙwasa. Sarki ne, ya cire kambin ya riƙe a hannu, ƙarƙashin alkyabbar wata tsohuwar riga ce da aka goge da kulawa. Bai shigo ba.

"Yaron ya ce min mahaifiyarki ta sani," ya faɗa yana kallon ƙasa. "Da ban zo ba."

"Ai ka iya rashin zuwa. A nan kam ba a fi ka ba."

Ya karɓi maganar bai kare kansa ba, abin da ya ƙara ba ni haushi, don na shirya faɗa. Ya ce yaro ne shi a lokacin, tsoro ya ji, da ya girma kuma kunya ta karɓi aikin tsoron. Ya ce ya taɓa zuwa kantinmu ya sayi maganin ciwon kai a hannuna, na ba shi canji na ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya ajiye wani ɗan kati a kan teburin kwalliya, mai hoton firji da lambar waya, ya tafi.

"Sisi, kambin namu ne, takalmin naki ne," in ji Sis' Thoko. "Katin kuma in kina da hankali ga kwandon shara nan."

Kun san dai ba ni da shi. Tana juya baya na ɗauki wayata na shigar da lambar. Wajen suna na rubuta Mkhize, na goge. Na rubuta Mai Firji, na goge. Sai na rubuta haruffa huɗu, na kalle su, na ce ai ba mai gani, minti ɗaya kawai in ga yadda suke a wayata. Aka kira ni in zo in karɓi hotuna, na jefa wayar a jaka.

Ranar ba wanda ya yi min magana a gida. Jiya Lahadi muka je coci, kafin a idar da addu'ar farko na gane bidiyon ya riga mu zuwa. Matan zumunta suna gaishe da Mama da irin muryar da ake yin ta'aziyya da ita, wata kuwa ta matso ta ce min rigar ta yi min kyau ƙwarai, sarkin ma kamarmu ɗaya. Allah ya saka mata daidai da niyyarta.

Muka dawo, Mama ta zuba shinkafa da kaza, ba wanda ya taɓa. Mondli ya turo saƙon ban haƙuri mai tsawon wa'azi, ya roƙe ni in nuna wa Mama. Na miƙa mata wayar, ta sa tabarau ta fara karantawa. Ni kuma na zagaya na durƙusa a gaban Malume, gwiwa biyu, ba irin ta 'yan Westville ba.

"Malume, na yi kuskure."

"Kuskure shi ne ka zuba gishiri a shayi. Akuyar nan da na yanka miki, albashina na farko ne. Na tsaya na kira kakannina da sunayensu na ce ga 'yarku. Yanzu in koma in ce musu me? In ce aronki suka ba mu?"

Muryarsa ta karye a ƙarshe. Ban taɓa jin haka ba, na gwammace ya mare ni.

Sai Mama ta yi magana, karo na farko tun ranar Asabar, idonta a kan wayar.

"Yaya, ka buɗe musu. Yaron nan wawa ne, amma ba mugu ba ne, ga shi nan ya rubuta da kansa. Na san yadda tsayuwa a bakin ƙofa take. Ba na so a ce a gidanmu ma an yi wa wasu."

Na ji kamar in nutse. Matar da na kunyata a allo mai girman gida, ita ce take roƙa min.

Malume ya ɗago kai daga farantinsa ya dube ni.

"Tambaya ɗaya zan yi miki, mshana, ki amsa min tsakaninki da Allah. Kina da wani uba a wajen gidan nan?"

"Ba ni da shi, Malume."

"Har cikin ranki?"

"Har cikin raina. Kai ne ubana, kai ne uwata bayan Mama. Mutumin nan ko a hanya na gan shi ban san shi ba."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya jawo cokalinsa.

"To, shi ke nan. Ki gaya wa yaron, Asabar ƙarfe shida, kuma in suka..."

Wayata ta ɗauki ruri a hannun Mama. Ashe Mondli, sarkin alheri, har lambata ya ba mutumin. Daga inda nake durƙushe ina iya hango allon, saƙon ban haƙurin ya ɓace, haruffa huɗu sun maye gurbinsa, manya, farare: Baba.

Mama ta gyara tabarau ta karanta. Ta juya wayar ta nuna wa Malume, shi ma ya karanta, ya ajiye cokalin a hankali. Sannan ta miƙo min ita da hannu biyu, kamar yadda ake miƙa wa baƙo ruwa.

"Ɗaga mana, Londeka," in ji ta. "Ba a barin uba yana jira."